Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Motar Suruki Ta Lantarki

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, na ba ka tabbacin tsohuwar motar da ke tari a garejin gidanku za ta koma motar lantarki ta alfarma, irin wadda ko ƙuda zai sauka a kanta sai ya goge ƙafa. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba layin gidan mai. Sakamakon babu shakka a cikinsa. Ni da nake gaya maka na yi, motar tana nan tana yawo a gari, duk wanda ya gan ta sai ya waiga. Batun cewa ba ni ne a cikinta ba, wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

Mataki na ɗaya: Samo motar da ba taka ba

Kada ka fara da taka. Mai hankali ba ya koyon aski a kansa.

Nemi tsohuwar mota ta gaske, mai dogon hanci, mai bambar ƙarfe da in ta bugi gini ginin ne za a yi wa jaje. Irin waɗannan ba a samunsu wurin dillalai. Suna hannun dattawa, kuma dattijon da ya fi sauƙi shi ne wanda ya riga ya ba ka 'yarsa. Wanda ya yarda da kai a kan babba ba zai yi maka rowar ƙarami ba.

Nawa surukin tsohon hedimasta ne, Baba muke ce masa. Bai taɓa ɗaga murya ba, don bai taɓa bukata ba. In ya yi shiru ya juyo da fuska wajenka, kai da kanka za ka fara zayyano laifuffukanka, har da waɗanda ba ka kai ga yi ba. Motarsa kuwa Dattijuwa yake kiranta. Ya saye ta tun matata Auta ba ta fara rarrafe ba.

Da idonsa ya tafi, sai ya tara 'ya'yansa maza, manya masu gemu, ya tsallake su kaf ya miƙo mini makulli. Aikina guda ne: duk ƙarshen mako in zo in tashe ta, in ɗauke shi mu zaga gari. Ba abin da yake gani a hanya. Zama yake yi a gefena, ya ɗora tafin hannu a kan dashbod, ya karkata kai yana sauraron inji kamar mai jin labaran rediyo. Wata rana ya ce, "Yau mura take yi." Wata rana ya ce, "Ka ji ta? Ta kwana lafiya." Wannan yawon shi ne kaɗai fitar da ta rage masa.

Lura da wannan bayani da kyau, sannan ka manta da shi. Duk aikin a kan mantuwar ya dogara.

Mataki na biyu: Zama masani

Kishingiɗa a doguwar kujera, ɗora waya a kan tumbi, ka kalli bidiyon wasu mutane masu farar safar hannu suna cire inji daga tsofaffin motoci a gareji mai tsabtar ɗakin tiyata. Yi ta kallo har wayar ta faɗo maka a hanci. Shi ke nan, ka ƙware. Ilimin da bai sa mutum gumi ba ya fi zama a ka.

Riƙe kalmomi uku: batir, caji, zamani. Ta ƙarshen ta fi amfani, duk wanda ya ja da kai sai ka jefe shi da ita.

Sannan ka nemi dalili mai tsarki. Ba don kanka za ka yi ba, Allah ya kiyaye. Ba don abokan ofis su taso daga kujerunsu su leƙo ta taga ba. Don lafiyar tsoho ne. Gwada dalilin a kan matarka tukuna.

"Auta, kin lura Baba na tari in mun dawo yawo?"

"Baba na tari tun ina firamare."

"To kin gani. Tun lokacin hayaƙin nan ke cinsa."

Ta yi mini irin kallon da ta gada wajen ubanta. "Malam, duk abin da kake ƙullawa, kwance shi tun da wuri. In ka taɓa motar nan Baba ka taɓa. In ka taɓa Baba kuwa, ni da kai ne."

A ilimin zaman aure wannan shi ake kira amincewa. Ai ba ta ce a'a ba.

Mataki na uku: Fitar da ita daga gida

Je ka durƙusa, ka gaishe shi, ka tambayi ƙafa, ka tambayi baya. Kada ka yi ƙarya, ƙarya ba ta yi wa mai furfura kyau. Faɗi ƙaramar gaskiya ka bar babbar a aljihu.

"Baba, Dattijuwa na son ɗan sabis."

"Juyen mai kawai," in ji shi. "Kada ka bar kowa ya yi mata wayo."

Ce to. Ai ba kowa za ka bari ba, da kanka za ka yi.

Mataki na huɗu: Haɗa ƙwararru biyu da ba sa ga maciji

Kana bukatar bakanike da mai haɗa wuta. Zaɓi waɗanda ba sa shiri, don in abu ya lalace kowa zai nuna ɗan'uwansa, kai ka tsira a tsakiya.

Bakanikena ana ce masa Sai-Gobe, kuma ba iyayensa suka raɗa masa ba, masu motoci ne. Mai wutar kuwa Shokin, wani siriri da gashin hannunsa na dama bai sake tsirowa ba tun wani aiki da ba ya son a tuna masa.

Sai-Gobe ya buɗe bonet, ya tashi motar, ya tsaya yana goge hannu da tsumma.

"Yallaɓai, wannan injin lafiyarsa ƙalau. Me ya yi maka?"

"Zamani," na ce.

"To, Allah ya ba mu alheri. Ni dai bakanike ne, wa'azi ba aikina ba ne."

Shokin ya ce, "Cire kawai, malam, ka ba masu ilimi wuri."

"Ilimin ne ya ƙone maka hannu?"

In sun fara irin wannan kada ka raba. Aiki ne ke tafiya.

Ranar da za a ɗaga injin da sarƙa, ja da baya. Zai fito yana ɗigar baƙin mai, yana lilo a sama kamar sa a mahauta, kuma akwai wani abu da kan motsa a ƙirjin mutum a irin wannan lokaci. Kada ka kula shi, yunwa ce.

Rabu da injin nan take. Muddin yana kusa akwai hanyar komawa baya, hanyar komawa baya kuwa ita ke kashe manyan ayyuka. Sai-Gobe ya san wani mai lambu a bayan gari da ke neman abin da zai ja masa ruwa daga rafi. Kafin in gama wanke hannu an ɗora injin a bayan akori-kura. Shokin kuma bai yi wata-wata ba, ya yanke ƙafafun da injin ke zama a kai, ya sa aka walde akwatin batura a gurbin.

Mataki na biyar: Zuba alfarma

A nan ake bambanta mai gyara da mai hannu da shuni. Ƙa'idar guda ce: duk abin da mai motar ya sani da hannunsa, canza shi.

A jefar da tsofaffin kujeru bayan gareji, a sa na fata kalar shayi da madara. A cire rediyon nan mai murɗawa, a kafa allo mai faɗin faranti. Gilashi ya riƙa hawa da danna maɓalli. A sa fitilu a ƙarƙashin ƙofofi masu sauya launi, ko da ba wanda ya san amfaninsu. Abin da ba shi da amfani shi ke nuna mutum ya isa. Salansa ma a cire, me marar murya zai yi da ita?

Duk wannan zai ɗauki lokaci, don da Sai-Gobe kake aiki. Tsoho zai fara tambaya.

"Juyen man nan fa?"

"Ana jiran kaya ne, Baba."

"Rijiyar man ake haƙawa?"

Yi dariya. Barkwancin suruki dariyarsa wajibi ce. Sai ka karkatar da zance zuwa tsadar rayuwa, ba wanda ke ƙin wannan hira.

Ranar da za ka fara caji za a ɗauke wuta. Kada hankalinka ya tashi. Aro janareto, zuba masa fetur, jona motar. Yanzu hayaƙin a bayan ɗakinka yake maimakon bayan mota, kuma wannan shi ne ci gaba.

Mataki na shida: Fita gwaji

Shiga, danna, tafi. Ba za ka ji komai ba sai numfashinka. Kajin unguwa ba za su kauce ba, don ba wanda ya sanar da su. Ni wani mai tura baro ya yi ta tafiya a gabana hankali kwance, da ya waiga ya ga hancin mota a ƙugunsa sai ya ba ni labarin kakannina wanda ko a gidanmu ba a taɓa ba ni ba.

Babbar fa'idar kuwa sai ka isa gida. Da, tun daga kwana ake jin zuwana, a gyara fuska, a sauya hira. Ran nan na faka dab da tagar kicin ba wanda ya sani, na tarar Auta na waya da yayarta.

"Ai shi tun da furfura ta fara fito masa yake neman abin da zai yi suna da shi. Bara kiwon zomo ne. Bari dai, Yaya, haƙuri ake."

Motar lantarki na ƙara wa mutum ilimi.

Yi gyaran murya, kira ta ta fito. Za ta zaga motar, ta shiga, ta shafa kujera. Tawa matar har ta danna gilashi ya sauka ya hau.

"Ta yi kyau," ta ce, kamar ana cire mata haƙori. "Tashe ta mu ji."

"Ai a tashe take."

Ta yi shiru. Motar ma ta yi shiru, don abin da ta iya ke nan.

"Malam. To Baba me zai saurara?"

A daidai nan bayanin da na ce ka manta zai dawo maka gaba ɗaya, ba sallama. Auta ta fita, ta rufe ƙofar a hankali, ta sunkuyo ta taga.

"Ƙarshen makon nan yake jiranka. Ni ban gani ba, ban ji ba. Amma in ran tsohon nan ya ɓaci, ka fara neman inda za ka riƙa cin abinci."

Mataki na bakwai: Samo mata murya

Mai rauni a nan zai je ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Kai ba mai rauni ba ne, masani ne.

Ɗauki waya ka nufi lambu. Za ka tarar da injin a kan katako a bakin rafi, yana ja wa albasa da kabeji ruwa, lafiyarsa ƙalau, har ya fi ka walwala. Tsuguna ka naɗi ƙararsa. Mai lambu zai tsaya a kanka da fartanya a kafaɗa.

"Waƙa za ka yi da shi?"

"Bincike ne."

"To a gaida binciken."

Koma wurin Shokin ya ɗaura lasifika a ƙarƙashin bonet, ya haɗa ta da wayarka. Ƙara kaɗai ba ta isa ba, tsoho da tafin hannu yake ji. A samo tsohuwar fanka mai karyayyen fiffike a ɗaure a bayan dashbod, za ta ba da girgizar da ake so. Wari kuwa mai sauƙi ne, tsumma a tsoma a fetur a cusa ƙarƙashin kujera.

Yanzu ka sha wahalar duniya ka samu motar da ba ta ƙara, ba ta girgiza, ba ta wari, sannan ka sake shan wata wahalar ka sa mata ƙara da girgiza da wari. Kada ka tsaya nazarin wannan. Nazari ke kawo hawan jini.

Shokin zai so ya gaya maka wani abu game da haɗa lasifika da wayar da ake kiranka da ita. Katse shi, ka ce ka sani.

Mataki na takwas: Ɗauko mai mota

Riƙe masa hannu har kujera. Zai zauna, ya shafa gefe da gefe.

"Kujerar ta yi laushi."

"Wanke ta aka yi, Baba."

Ya gyara zama. Na murɗa makulli don cika al'ada, na danna waya da ɗayan hannun. Injin ya ɗauka daga ƙarƙashin bonet, fanka ta kama rawa, fetur ya cika hanci. Baba ya ɗora tafinsa a kan dashbod ya karkata kai. Muka tafi.

Za ka lura da wasu ƙananan abubuwa. In ka taka birki injin bai san an taka ba. In ka hau tudu bai san ana hawa ba, shi dai ban ruwansa yake yi. Tsoho zai yi shiru. Ɗauki shirun a matsayin nasara.

Mu a mahaɗar kasuwa abin ya same mu, cikin cunkoso, masu talla na bin tagogi. Aka kira wayata. Injin ya ɗauke numfashi a tsakiyar magana, mota kuwa na ci gaba da tafiya abinta. Sai kiɗan da na sa wa kira, wanda bai dace da shekaruna ba, ya ɓarke daga cikin bonet. Na kai yatsa in kashe, yatsan ya amsa. Muryar Sai-Gobe ta fito daga inda inji ya kamata ya kasance, har mai sayar da lemo a tsallaken titi ya ji.

"Yallaɓai, yaya? Tsohon ya haɗiye dabarar?"

Ba wanda ya yi motsi sai fanka.

"Amsa masa mana," in ji Baba. "Bai kyautu a bar mutum yana jira ba."

Na kashe kiran. Injin ya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Kashe wannan ma. Faka."

Na gangara gefen titi na tsaya.

"Tun a ƙofar gida na sani," ya ce. "Dattijuwa ba ta taɓa tashi da murɗa ɗaya ba, sai an lallashe ta. Na yi shiru ne in ga iya gudun ruwanka. Muryar dai tata ce, ban musa ba. Amma ruwan da nake ji a bayanta fa?"

"Ban ruwa take yi, Baba. A lambu."

"Me aka shuka?"

"Albasa. Da kabeji."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba labarin tsohon ɗalibinsa da ya samu ƙaramin aiki. Can ya ce, "Da ido ya tafi na ce ba komai, kunne na nan. Ban san akwai mai zuwa ya kwashe abin da kunnen ke ji ba." Ya ɗauke hannu daga dashbod ya ajiye a gwiwa. "Kai ni gida."

A wannan gaɓa ba ni da dabarar da zan ba ka. Tuƙa kawai. Sai dai ka sani, mota marar ƙara ba ta da inda mutum zai ɓuya.

Mataki na tara: Girbi abin da ka shuka

Kada ka yi bayani, hedimasta ya ji bayani iri-iri a rayuwarsa. Koma lambu. Mai lambu zai ce albasarsa fa, sai ka sayo masa sabon famfo ka kafa masa, ka kuma saurari ra'ayinsa game da mutanen birni har ya gaji.

Kai injin gareji ka ce a mayar. A karon farko tun da aka halicce su Sai-Gobe da Shokin za su yi baki ɗaya: ba ya mayuwa. An yanke, an walde, an cika gurbin.

Saboda haka aka jera bulo a tsakar gidan Baba, aka kafa rumfar kwano, aka ɗora injin da lagireto da ɗan tanki da salansarsa. Na je bayan gareji na karɓo tsohuwar kujera daga hannun wata kyanwa da ta haihu a kai. Aka kafa katako a gaba inda tafin hannu zai zauna. Da aka gama, Baba ya yanke hukunci a gaban 'ya'yansa maza, waɗanda suka zo kallo da kofunan shayinsu.

"Kullum da safe, kafin ofis, za ka zo ka tashe ta."

"To, Baba."

"Makullin waccan kuma, miƙa wa Auta. Ta ce kada ka taɓa, ko? To mai gaskiya ke da mota."

Ka ga cikar alkawarina. Motar lantarki ta alfarma tana nan, Auta ke jan ta, kuma na ji labari mutane na tasowa daga kujerunsu su leƙo ta taga. Takan rage mini hanya wani lokaci, in na shimfiɗa jarida a kujera. Sauran ranaku bas nake hawa, ina warin fetur, har ana ba ni wuri. A gida an ci gaba da ba ni abinci, sai dai ba a tambaya ko ya ishe ni. In an yi baƙi Baba kan ce, "Ku gaisa da Injiniya," kuma ba ya murmushi.

Amma kullum yana kan kujerar nan kafin in iso. Zan murɗa, ta ƙi. In lallashe ta, ta yi tari, maƙwabta su rufe tagogi, sannan ta ɗauka. Ya ɗora hannu a kan katako ya karkata kai.

"Taka mata kaɗan," zai ce. In ja wayar totur. Can kuma, "A hankali, akwai rami a nan."

Sai in sassauta, har mu wuce ramin.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai san surukinka ba, bai taɓa ganin motarku ba, kuma in an kira shi shaida zai ce a lambu yake ran nan. Duk abin da ya biyo baya, ko yaji ne, ko ƙonewar gashin hannu, ko sabon suna a gidan surukai, kai ka jawo, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba a karɓar ƙorafi, ba a mayar da inji. Wanda ya nace sai ya gan ni, ya same ni gidan Baba da sassafe, ya taho da batir mai rai. Namu ya fara mutuwa, inji marar taya kuwa ba ya turuwa.